Tabarmar da Na Zubar a Jarwal

Mudir, wato manajanmu, shi ne ya ce a kwashe, ni ce na kwashe, da abin ya ɓaci kuma ni kaɗai aka nuna da yatsa. Har yau bai ce mini ko sannu ba. To na rubuta, tunda yanzu na iya. Sai da na aurar da 'ya'ya biyu kafin na zauna a ajin yaƙi da jahilci a unguwar Tandabawi, nan ƙasa mai tsarki, kuma ban koyi riƙe biro don in yi wa kowa kara ba.

Lokacin ina shara a wani masaukin alhazai a unguwar Jarwal. Duk wadda ta yi aikin nan ta san abin da ke biyo bayan Muzdalifa. Alhazai su dawo da tabarmin roba da suka kwana a kai, duk ƙasa, su jibge a bakin ƙofa, mu ɗure a buhu. Ranar hawa bakwai na share, ƙafafuna sun kumbura. Mudir ya leƙo ya ce, "Yalla ya hajja, duk tabarmar da ke waje, bola." A wata ƙofa na ga 'yar guntuwa a jingine, ta kara, ta yi baƙi, gefenta ya zare. Ita ma na fara jefawa.

Bayan la'asar sai ga kuka a hawa na bakwai. Wata hajiya ce daga Amurka, tana nuna jikin bango tana magana, ba mai ji. Na kira 'yata da ke aikin asibiti, mai jin Turanci, na buɗe muryar wayar.

"Ummi, me kika yi kuma?"

"Ke dai tambaye ta."

Da kaɗan-kaɗan maganar ta fito. Matar 'yar wata ƙabila ce, Kikapu, mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar suka yi ta kora, har wasunsu suka tsallaka Meziko. A wurinsu mata ne ke gina gidan hunturu. Su yanko kacalla a fadama, su shanya, su ɗinka tabarmi, su rufe ɗakin da su. Kakarta na cikin masu yi. 'Yan mishan sun daɗe suna zuwa musu da abinci da magani da makaranta. Ta ce ita ba ta zaginsu, su suka riƙa kai kakar asibiti. Uwarta ta bi su ta shiga coci, ta daina zuwa bukukuwan gargajiya, ta ɗauke ta daga can tana ƙarama, shi ya sa yarensu ma kalmomi kaɗan ta riƙe. Kakar kuwa sai ta shimfiɗa wa masu wa'azin tabarma, ta saurare su har ƙarshe, ta gode, ta ci gaba da addininta, wanda ba sa buɗe wa baƙo. Ita wannan da girmanta ta musulunta. Daga ɗakin ƙarshe da tsohuwar ta gina aka yanko mata guntuwar nan. A kai ta kwana a Muzdalifa. Ruwa ne ya zube a kan tabarmar, ta jingine ta a waje ta sha iska.

Na gaji, kuma idan na gaji bakina ba shi da linzami. Na ce, "Gaya mata ta zo ɗakin Allah, me za ta yi da karan gidan da ba a salla?"

"Wallahi ba zan fassara ba," in ji 'yata. "Ke da kika yi wata guda ba kya amsa gaisuwata don na yar da fasasshiyar ƙwaryar Inna?"

Ƙwaryar nan da ita uwata ta sha ruwa tun daga ƙasar Kano.

Sai ga mudir da sabuwar darduma a leda, yana murmushi. Ya nuna ni ya ce tsohuwa ce, ba ta gane abu mai daraja. Da Larabci ya faɗa, don ni in ji. Hajiyar ta karɓi dardumar da hannu biyu, ta gode, ta ajiye a kan gado ba ta buɗe ba. Jibi jirginsu zai tashi.

Da zan fita na tsaya wajen mai gadi, dattijo ne ɗan Damagaram. Ya ce buhunan tabarma ba bola ake kai su ba. Akwai mai ɗauka ya kai wani fili a bayan Tandabawi, mata su wanke, a adana wa baɗi. Waɗanda suka lalace kuwa a watsar. Ya ce, "Amma hajja, buhunan masauki nawa ke can, duk iri ɗaya."

Washegari ban je aiki ba, ban kuma kira mudir ba. Na ɗaure ƙafafuna da tsumma, na ɗauki wuƙar yankan albasa da gorar ruwa, na nufi filin. Buhunan sun fi tsayina. Na ja na kusa da ni, na farke bakinsa.