Safiyar da Na Ɗumama Motar Baba

A daminar da na dawo Safana da digirina na injiniyanci, tsohuwar jif ɗin Baba ta kamu da ciwon safe. Idan aka murza makulli da sanyin safiya, injin yakan tashi da kyarma, yana tsallake bugu ɗaya cikin shida, salansa tana tari tana warin ɗanyen fetur, sitiyari yana rawa a hannu. Makanikai suna kiran wannan misin. Da zarar ƙarfe ya ɗauki zafi, sai ta daidaita kamar ba ita ba.

Da wannan motar Baba yake zuwa Runka gaishe da mahaifiyarsa, kuma kowa ya san a shekarun nan, saboda 'yan bindiga, hanyar Runka ba wurin da mota za ta mutu wa mutum ba ce. Ya ɗage tafiyar har sai an gano ciwon. Ni kuwa na ɗauka ranar da zai ga amfanin karatuna ce ta zo.

Ni ne ɗan fari, kuma gidanmu ana riƙe da kunyar ɗan fari sosai. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yaba mini a gabana ba. Na san al'ada ce, na kuma girmama ta. Abin da ya kasa zama mini a rai shi ne ɗan gwaggona, wanda na girma da shekara guda, wanda ya bar makaranta a aji uku na sakandare ya shiga gareji a Batsari. Shi kunya ba ta rufe bakin Baba a kansa ba. "Yaron nan Allah ya ba shi kunne," in ji shi ga baƙi. "Mota tana tsaye zai gaya maka abin da ke damunta."

Mako biyu na yi ina aiki bisa tsari. Na haɗa 'yar na'urar bincike da wayata, ta nuna mini silinda ta uku. Na sauya filogi. Na wanke nozil, na goge totur. Na auna wayoyin filogi guda shida da mita, kowace ta ba ni adadin da littafi ya ce. Na rubuta komai a takarda, rana da rana. Kowace safiya motar tana tashi da kyarmarta, Baba yana wucewa da carbinsa.

Ranar da ya gaji, a gabana ya kira Batsari, ya buɗe muryar wayar.

"Kawu, mota mai ciwon safe da safe ake kama ta," in ji ɗan gwaggona. "Gobe gari na wayewa zan taso a babur. Don Allah kada kowa ya taɓa makulli kafin in iso. Ka ce wa Injiniya ya ba takardunsa hutu."

Baba ya yi dariya. Taubasai muke, yana da izinin tsokanata, amma dariyar Baba ce ta yi mini ciwo.

Baba yakan zauna a masallaci bayan sallar asuba har rana ta fito. Ni ana sallamewa na fito. Na ɗauki makulli daga ƙusar da yake rataye shi, na tayar da motar, na bar ta tana kyarma har ta daidaita, na ƙara mata minti goma, sannan na kashe ta na mayar da makullin. Ban yi haka cikin kuskure ba. So nake ya zo ya tarar da lafiyayyen inji, ya yi ta laluben abin da babu, Baba yana kallo.

Ya iso da hantsi, wandonsa jiƙe da taɓon hanya. Ya durƙusa ya gaishe da Baba, aka tambayi gwaggo da mutanen Batsari da yadda ruwa ya samu, sannan ya juyo gare ni.

"Injiniya bawana, ina kwana? An ce ka yi wa motar Kawu jarrabawa ta ci, amma ba ta warke ba."

"Lafiya lau," na ce. "Ga ta nan, sai ka saurara."

Ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet zai buɗe. Hannun ya daɗe a wurin fiye da yadda buɗewa take bukata. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Ya murza makulli, injin ya tashi sumul.

"To, ka ga halinta," in ji Baba. "Yau ta ga baƙo ta ɓoye."

"Ba komai, Kawu, sai mu dawo mata da safiyar. Yaya, miƙo mini butar can."

Ya guntsi ruwa, ya sunkuya cikin injin, ya fesa shi siriri a kan wayoyin filogi, yadda masu guga suke fesa wa shadda. Ta farko shiru. Ta biyu shiru. Yana fesa wa ta uku motar ta yi tuntuɓe, kyarmar da na sani ta dawo gaba ɗaya. Ya sa aka riƙe tabarma a kan bonet don a yi inuwa, muka leƙa. Wata 'yar shuɗiyar wuta tana tsalle daga cikin wayar zuwa jikin injin, tas, tas, tas. Ya kashe motar, ya juya wayar. A ƙasanta, inda take gugar wani ƙarfe, robar ta tsage kamar faso.

"Raɓar damina ce take kwana a nan," ya ce. "Wuta ta ga hanya kusa, me zai kai ta filogi? In inji ya yi zafi, raɓa ta bushe, shi ke nan."

Mitata ta auna cikin wayar, ba ta auna rigarta ba. Na san wannan a karatu. Ban taɓa juya wayar na dubi ƙasanta ba.

"Ai Yaya ya gama aikin, Kawu," ya ƙara. "Shi ya gano ta uku ce. Ni tofi kawai na yi mata."

Da ya tona mini asiri, da na sami abin riƙewa a kansa. Sai ya rufa mini, ya kuma raba mini yabonsa, na ji har wannan halin nasa ina ƙyashinsa.

Ya ɗauko wata wayar filogi daga jakarsa ya sa, ya ɗaure ta nesa da ƙarfen. Baba ya sa masa albarka doguwa. Da ya shiga cikin gida gaishe da Inna, Baba ya tsaya yana duban taya, ba ni ba.

"Masallacin nan ba nisa gare shi ba," ya ce. "Na san muryar motata."

Ya juya ya shiga gida.

Washegari da sassafe, bayan ruwa ya kwana yana sauka, motar ta tashi ba kyarma. Baba ya miƙa wa ɗan gwaggona makulli, ya zauna kusa da shi, ni na shiga baya tare da buhun shinkafar kaka. Muka ɗauki hanyar Runka. Dawa ta rufe gefe da gefe, babura ma jefi-jefi. Baba yana jan carbi, direbansa ya daina wasa ya kafa ido a hanya. Ni kuwa na kasa kunne ga injin, ina ƙirga bugunsa. Sai da muka yi nisa na gane cewa jira nake ya tsallake ɗaya, a kan wannan hanyar, da mahaifina a ciki. Na sunkuyar da kai na yi istigfari. Injin bai tsallake ko ɗaya ba har ƙofar gidan kaka.