Fumfuna a Kaskon Gaji

Ni dai tunda nake ban taɓa ganin mace marar zama irin Yaya Gaji ba. Shekara goma sha biyu muna jere a kasuwar Ajingi, ni Hindatu da ƙwaryar daddawata, ita da sinasir ɗinta, amma ban iya tuna ranar da na ga ta zauna ba. A tsaye take ci, a tsaye take gaisawa. In ka ja mata doguwar gaisuwa sai ta ce, "Lafiya lau, na nawa za a ba ka?" A gida ma maƙwabta muke, a wani ɗan ƙauye gefen Toranke, darni ɗaya ne tsakaninmu. Don haka abin da zan faɗa ba jin sa na yi a bakin wani ba.

Kaskonta ba irin na kowa ba ne. Wani shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne mai kauri, gindin sikelin awon gyaɗa da ya lalace. Mijinta Kabo, mai kai gyaɗa Gaya a kan jakuna, shi ya roƙo shi wajen wani mai sayen gyaɗa, shekara uku bayan samun 'yancin kai, ya kawo shi a amalanke. Aka gina masa murhu na ƙasa a gindin tsamiya, bakin kasuwa, kusa da maƙerar Datti. Tun ranar bai motsa ba, don sai ƙarti huɗu suke iya ɗaga shi. Sinasir takwas yake ɗauka a zubi ɗaya, kuma da shekaru suka ja ya yi baƙi ƙirin, ya yi santsi, sinasir na zamewa a kansa ko ba a taɓa shi ba.

Shi kuwa Kabo sanyi gare shi kamar ruwan randa. Gaji ba ta faɗin sunansa, sai dai "mai jakin nan". Duk ranar kasuwa da la'asar, ta haɗa kayanta tana son tafiya, sai ya ɗebo karan dawa ya cusa a murhu, ya sake hura wuta a ƙarƙashin kasko babu komai a kai. Ya kankare da tsingaro, ya goga ɗan mai da tsumma, sannan ya nemi wuri ya zauna sai ƙarfen ya huce.

"Ka ƙone min kara a banza," in ji ta, kowane mako. "Iska kake toyawa?"

Sai ya yi murmushi ya ce, "Saura kaɗan."

Da damina kuma wani hali ne da shi da ya fi ba ta haushi. Tsakanin kasuwa da kasuwa sai ya bar gona da hantsi, ya ce zai je Ajingi neman kanwar jakuna. Gaji takan leƙo ta darni ta ce da ni, "Kin ga mai yawon banzan nan ya sake ficewa. Jakunan nan kanwa suke ci ko ciyawa?"

A farkon daminar shekarar da gyaɗa ta lalace, zazzaɓi ya kama Kabo, kwana biyar ya ce ga garinku. Gaji ta shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma, ba fita, ba kasuwa. Wallahi na tausaya mata, kuma na tausaya wa gidan. Sau uku take share tsakar gida a yini. Ta sussuke geron da ba a buƙata, ta wanke abin da yake wankakke. Da la'asar sai ka ji takunta daga bakin rumbu zuwa bakin zaure, ta je ta dawo, ta je ta dawo, kamar akuyar da aka ɗaure a turke ana tafiya kiwo.

Ranar sadakar bakwai ta kira ni gefe.

"Hindatu, kaskon nan. Ruwa zai sauka, tsatsa za ta cinye shi. Ga man gyaɗa kwalba guda, ki juye masa duka. Ki rufe da buhu, ki ɗora tabarma, ki danne da duwatsu, kada iska ta shiga ko ta ina. Na yi alkawari ranar da na fita, a kansa zan toya sadakarsa. Shi ya kawo shi, ba zan yi masa sadaka a kaskon aro ba."

Na yi yadda ta ce, har da ƙari, don na sa buhu biyu. Duk ranar kasuwa in na dawo tana bakin darni tana jira.

"Kin duba?"

"Lafiya lau yake, Yaya."

Gaskiya ba na dubawa. Duwatsu nake gani a inda na bar su, in ce ai shi ke nan. Ni mai daddawa ce, ya kamata in fi kowa sanin abin da ke faruwa in an lulluɓe abu mai maiƙo cikin ɗumi da laima. Amma kan nawa bai kawo ba.

Saura mako uku ta fita daga takaba na ɗaga tabarma. Wani wari ya buge ni, na ja da baya. Fumfuna ta rufe kaskon kaf, fara a tsakiya kamar an baza auduga, kore da baƙi a gefe, buhun ya ruɓe ya manne. Ban gaya wa kowa ba. Na ɗebo yashi da toka da sabulun salo na dirje har yatsuna suka yi jini, na sheƙa ruwa, na mayar da tabarma da sauri kada a gani. Mako na zagayowa fumfuna ta dawo, ta kuma zo da tsatsa a gefen da na dirje baƙin ya fita. Na sake wankewa, ta sake dawowa. Saura kwana uku na rasa yadda zan yi, na shiga gidan na durƙusa na faɗa mata.

Ban taɓa shan faɗa irin na ranar ba. Ta ce ni makauniya ce, ta ce wata huɗu ina yi mata ƙarya a bakin darni. Ni ma zuciya ta ɗebe ni na ce, "Wa ya ce a juye kwalba guda a rufe? Ni na ce?" Ta juya ta kama zagaye tsakar gida. Na ce ta bari in aro mata tanda a yi waina, sadaka ai sadaka ce. Ko kallona ba ta yi ba. Ta jiƙa shinkafa, ta daka, ta kwaɓa ƙullu kamar ba abin da ya faru.

Ranar fita ta yi wanka da sassafe, ta ɗora tukunyar ƙullu a jakin Kabo, ta kama hanya ina binta da gudu-gudu. Da ta yaye tabarmar ta daɗe tana kallo. Mata suka taru, wannan ta ce a sa lemon tsami, waccan ta ce ƙarfen ya mutu, a ba maƙeri ya yi fartanya. Ƙullu kuwa yana ta tashi a tukunya, rana na yi.

Sai ga Datti maƙeri ya fito yana goge hannu. Ya yi mata gaisuwa, ya dubi kaskon ya girgiza kai.

"Gaji, ai ba ruwa yake so ba, wuta yake so. Mai kuma ɗan kaɗan, kada ya kwanta. Kuma ba a toshe shi, marigayi dutse yake sakawa ƙarƙashin murfi iska ta ratsa. Ba ki taɓa ganin yadda yake yi ba?"

"Ranar kasuwa? Na gani."

"Ba ita kaɗai ba. Duk damina, tsakiyar mako, nan yake zuwa ya ɗebi garwashi a maƙerata ya hura masa wuta. Ya ce in ya kwana bakwai ba wuta laima za ta kama shi, ke kuma ba ki da haƙurin jira a gyara."

Gaji ta ce, "Kanwa yake zuwa saye."

Datti ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin sa da kanwa ba."

Ta ɗebo kara ta cusa a murhu har ya cika, ta karɓi garwashi a hannun Datti. Wuta ta kama, fumfuna ta yi ta ƙonewa tana hayaƙi mai ɗaci, mata suka watse suna tari. Da ta zama toka ta kankare da tsingaro, ta goga mai da tsumma, ta bari ya ƙone, ta sake gogawa. Sau biyar na ƙirga. Zubin farko ya manne, ta kankare ta zubar. Na biyu ya yage. Na uku ta sa hannu ta taɓa gefensa, ya zame. A ɓangaren da na dirje ne kawai ya ci gaba da kamawa, sai ta riƙa zuba shida maimakon takwas. Kafin la'asar an raba sadakar Kabo, ba wanda ya zo ya koma hannu banza.

Na haɗa kwanuka na ɗaure a jaki, na ce, "Yaya, mu kama hanya."

Ta ƙara kara a murhu, kasko babu komai a kai. Ta goge shi, sannan ta je gindin tsamiya, daidai tushen da Kabo yake zama, ta zauna. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Shekara goma sha biyu ina ce masa mai yawon banza, Hindatu. Ko sau ɗaya bai ce min ga inda yake zuwa ba."

Na ce rana fa na faɗuwa.

Ta kai tafin hannu kusa da ƙarfen ta ji zafinsa, ta ce, "Saura kaɗan."