Alamar Baba a Kan Buhu

Ni nake yi wa buhunan Baba alama. Tun ina firamare aikina ne, domin hannuna ba ya rawa. A Aliero kowane manomin albasa da tasa alamar, don kada kaya su cakuɗe a mota. Ta Baba jan fenti ce, layi biyu a tsaye da ɗigo a tsakani. Fataken kudu da ke zuwa da manyan motoci ba su cika kwance buhun da ke ɗauke da ita ba. Sun san ba a ɓoye ruɓaɓɓiya a ƙasa.

Ina aji biyu na babbar sakandare abin ya faru. Wata safiya na shiga aji, sai hira ta tsaya cak. Da aka tashi tara, yarinyar da muke zama benci ɗaya ta ja ni bayan ajin, ta fito da wayar yayarta daga cikin hijabi.

"Wanga ba babanki na ba?"

Shi ne. Yana goye da tankin feshi, yana fesa magani a ƙasa. Sai hoton ya yanke, aka nuno albasa jibge, aka matso da kyamara kan buhu har jan fentina ya cika fuskar wayar. Muryar wani saurayi tana cewa jama'a su yi hattara, ga mai zuba wa albasa gubar ƙwari ta fiya-fiya don kada ta ruɓe, yana kashe bayin Allah.

Na san ranar da aka ɗauki farkon. Maganin gara Baba yake fesawa a filin da za a kafa rudu, rumfar kara da muke adana albasa a ciki. Lokacin ko cire albasar ba a yi ba. A farkon bidiyon darbejiyar bakin gona tana da rassanta, a ƙarshensa kuwa an sassare su. Na gane ba rana ɗaya aka ɗauke su ba, na miƙa mata wayar. Daga ranar sunana a makaranta ya koma 'yar fiya-fiya.

Saurayin ɗan wani dillalin albasa ne na Maiyama, abokin Baba tun suna samari. Yaron ya sha cin tuwo a zaurenmu. An ce yana neman mabiya ne a shafinsa.

Wayar Baba mai madannai ce, ba ta nuna bidiyo. A kasuwa ya ji. Ranar ya dawo da kayansa yadda ya kai su, ya zauna a tabarma bai cire takalmi ba. Inna ta ajiye masa abinci, ƙuda suka riga shi.

Malamarmu ta Turanci ce ta tsayar da ni bayan darasi. Kirista ce, daga kudancin jihar aka turo ta, kuma ita kaɗai ta lura na daina ɗaga hannu. Ta ce ƙanin mijinta lauya ne a Jega, a Sabon Gari, ya san irin wannan aiki.

"Ki faɗa wa babanki ya je ya gan shi. Amma kafin nan kada a taɓa komai, kin ji? Kada a sa yaron ya goge bidiyon."

Ban iya tarar Baba da magana kai tsaye. Na faɗa wa Inna, Inna ta faɗa masa, shi kuma ya kai wa yayansa, Baffa. Ina wanke-wanke na ji Baffa ya ɗaga murya.

"Lauya? Mu da munka ci kasuwa guda da ubanai tun muna yara, mu kai ɗanai ga lauya? Mi mutane za su ce? A bari manya su zamna."

Manya suka zauna. Dattawan Maiyama suka zo da goro a ƙunshe, limaminmu ya zo, aka shimfiɗa darduma a zaure. Ni na kai ruwa, na tsaya a bayan asabari. Saurayin ya durƙusa a gaban Baba, sabon agogonsa yana ta ƙyalli. Ya ce sharrin shaiɗan ne. Ubansa ya ce masa ya goge bidiyon yanzu-yanzu a gaban kowa. Yaron ya danna, ya ɗaga wayar sama, ya zagaya da ita. Dattawan suka leƙa ɗaya bayan ɗaya, har da wanda idonsa ya yi yana, suna gyaɗa kai.

"To, ya hita," in ji liman. "Malam, sai ka yahe."

Baba ya ce ya yafe, duniya da lahira. Aka shafa Fatiha, aka raba goro. A wurinsu magana ta mutu ke nan, kamar yadda zagin bakin kasuwa yake mutuwa idan wanda ya yi ya janye a gaban manya.

Bidiyon bai san an shafa Fatiha ba. Mako na zagayowa na gan shi a wayar maƙwabciyarmu, an turo mata daga wani zauren hirar mata na waya. Daga baya direban wata mota ya nuna wa Baffa shi, an ɗora masa murya da wani yaren kudu. Fatake suka riƙa tsallake layi biyu da ɗigo. A cikin rudu albasar ta fara fitar da koren tsiro, ta ƙasa tana tsatsar ruwa. Warin ya bi mu har ɗaki.

Sai a lokacin Baba ya yarda a je Jega. Malama ta raka mu, aka tafi da ni don in karanta abin da za a rubuta. Ofishin yana saman wani shagon taya, fankarsa tana juyawa tana ƙara. Lauyan ya gaida Baba da hannu biyu, ya saurare shi har ƙarshe. Da Malama ta taɓa ni na faɗi maganar darbejiya, kaina a ƙasa. Ya ce wannan zai yi amfani. Sannan ya tambaya ko wani ya adana bidiyon daga shafin yaron, inda sunansa yake a sama.

Ba wanda ya adana.

"Ya yi wani bidiyon ya ce ƙarya ya yi?"

"Ya dai ba ni haƙuri," in ji Baba.

"A gaban mutum nawa, Baba?"

Baba ya dubi tafin hannunsa.

Lauyan ya ce har yanzu da hanya. Zai kai ƙorafi ga kamfanonin da ke da shafukan, ko da yake wanda ke yawo daga waya zuwa waya ba mai iya kamo shi. Abin da zai wanke Baba shi ne yaron ya fito a shafinsa, da fuskarsa, ya faɗi gaskiya. In ya ƙi, sai kotu, kuma dattawan da suka ga ya goge su ne shaidu.

"Liman zan kai kotu?" Baba ya girgiza kai. "Na riga na yahe, ɗana. An shafa Fatiha. In na tada ta, ni na maƙaryaci."

"To a roƙe shi ya yi bidiyon kawai. Wannan ba ƙara ba ce."

Baffa aka aika Maiyama. Ya dawo bayan la'asar, ya ƙi zama. Ya ce dattawa sun ji nauyin a sake buɗe abin da aka rufe. Sun ce yaro ne, yana neman aure, in ya fito duniya ya ce shi maƙaryaci ne, an ɓata mai suna.

Na jira Baba ya ce wani abu. Ya ɗauki buta ya tafi alwala.

Rabin albasar shekarar a rami aka zuba ta. Lauyan ya yi abin da ya ce, an sauke bidiyon daga wasu shafuka, Malama ta nuna mini. Amma duk sanda albasa ta yi tsada sai wani ya sake tono shi. Saurayin ya yi aurensa, an aiko mana da goron ɗaurin aure, Baba ya je.

Da kaka ta sake zagayowa, Baffa ya shigo da gwangwanin fenti ya ajiye a gabana. Shuɗi ne. Alamarsa da'ira ce da layi a ƙasa.

"Ki sa wagga ga buhunan babanki. Kayana suna tahiya, ba mai tambaya."

Baba yana zaune a bakin rudu yana ɗinke bakin buhu, bai ɗago ba. Albasar ta yi kyau a shekarar, manya-manya, ɓawonta yana sheƙi. Na tsoma tsinke a fentin na fara. Da'ira ta fi layi wuyar zanawa, ta farko ta fito a karkace. Gwangwanin jan yana nan a kan katanga inda na bar shi bara, murfinsa ya kama, fentin ya bushe a ciki.