Kukan Dodon Roba

A shekarar da Sin ta ɗauki baƙuncin wasannin Olamfik bizata ta ƙare a Guangzhou, na ɓuya wata biyu a wani ɗaki kusa da titin Zhanxi Lu. Wani ɗan Kano mai sarin takalma ne ya ba ni makullin. Ya ce, "Ɗan'uwa, ko tari kada ka yi da ƙarfi."

Na tarar da talabijin da faifai ɗaya, tsohon fim ɗin Turawan Ingila marar kala. Mutum huɗu sun hau kumbo sun nufi sama, kumbon kamar da gwangwanin madara aka ƙera shi. Wani dodo yana cinye su ɗaya bayan ɗaya, ana ganin zif a bayan rigarsa ta roba. Kullum ina kallo, murya a kashe.

Wata rana bayan azahar shirun ya ishe ni. Na ce bari dai in ji kukan dodon nan, na ƙara murya. Ashe kukan akuya ne kawai suka saka. Ashe kuma masu duba takardu suna hawa benen. Ban gama tsaki ba suka buga ƙofa. Sati bai zagayo ba suka sako ni a jirgi.

Yanzu ina Kano ina gadin wani sito. A bayansa ake ɗaure awaki.