Mu Bari Sai Bazara

Shekarun baya, a shekarar da na fara mallakar mota, na ƙudurta sai na kai mahaifina yawon buɗe ido. Motar tsohuwa ce, sai an lallaɓa ta take tashi, amma ni a lokacin ji nake duk Rabah babu mai irinta. Mahaifina ya daɗe yana cewa yana son ya je madatsar ruwan Goronyo kafin ƙafafunsa su gama gajiya. Na san a can wajen aka haife shi, kuma sun taso daga garinsu ne da aka tare ruwan, tun ban zo duniya ba. Iyakar sanina ke nan, ban taɓa tambayar ƙari ba.

Na samu hutu da kaka, ana tsakar yankan gero. Da na faɗa masa, sai ya ce, "Mu bari sai bazara, ɗana."

Na ce, "Baba, mi za mu gani ga bazara ban da zahi? Yanzu ruwa ya cika, ya hi kyawon kallo."

Ya ce, "To, yadda kac ce."

Na ɗauka tsoron hanya yake yi, har ina yaba wa kaina da na shawo kansa.

Mun fara tsayawa a Wurno. Muka cire takalma muka shiga hubbaren Sarkin Musulmi da ke can, muka yi addu'a. Da muka fito na ja shi muka zaga tsohon gari, ina ta zuba masa tarihin da na karanta a makaranta, shi da ya san wurin tun yana zuwa a kan jaki. Bai katse ni ba. Yana dai yawan ɗaga kai yana duban rana.

Da muka isa Goronyo, na so mu tsaya inda ruwa ke fita da ƙugi, inda kowa ke ɗaukar hoto. Ya ce mu wuce. Ya yi ta nuna mini wata 'yar hanya har muka iso gindin wani tudu mai tsakuwa, ya ce nan za mu hau. Sau uku yana hutawa kafin mu kai sama, hannunsa a kafaɗata, ina jin numfashinsa a kunnena.

Daga can sama ruwan ba shi da iyaka. Ga masunta a kwalekwale, ga fararen tsuntsaye suna bin gaɓa. Ina cikin ɗaukar hoto sai na ji ya ce, "Kai da ka da ido, duba mani gabas da wancan kwalekwale. Ka ga kan giginya?"

Na duba, na ce babu komai sai ruwa.

"Ƙara dubawa dai."

Na ƙara. Babu.

Sai ya zauna a kan wani dutse. Ya ce, "Ga gindinta munka bizne innata. In ruwa ya janye ga bazara, gungumen na hitowa. Shi ɗai yar rage muna."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ga waya a hannuna, na rasa inda zan sa ta. Na ce, "Baba, don mi ba ka gaya mani ba?"

Ya ce, "Na ga kana murna da motarka."

Daga nan ya tuɓe takalmansa kamar yadda muka yi a Wurno, ya fuskanci inda yake kyautata zato, ya yi wa mutanen kabari sallama, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo. Ni ma na tuɓe nawa na tsaya a bayansa. Da muka sauko na yi masa alkawari da bazara za mu dawo. Ya ce, "In Allah ya kai mu."

Allah bai kai shi ba. Wata uku bayan nan ya kwanta, bai cika kwana goma ba ya rasu.

Da bazara na koma ni kaɗai. Na hau tudun nan cikin zafin da na ce ba na so, na duba gabas. Ruwa ya ja da baya, ga gungumen nan baƙi ƙirin a tsaye, bai fi kamu biyu a saman ruwa ba. Na yi wa kakata sallama, wadda ban taɓa gani ba, na roƙa musu gafara ita da ɗanta, sannan na zauna a kan dutsensa na yi kuka.

Na san kwanansa ne ya ƙare, ba ni na rage masa ba. Amma har yau abin na ci mini rai, don tambaya ɗaya ce tak ta rage mini in yi, ni kuwa ina can ina koya wa tsoho lokacin da garinsu ya fi kyau. Tun daga nan, in babba ya ce mini a bari sai lokaci kaza, ba na gardama, zama nake in tambaye shi dalili.

Hoton da na ɗauke shi a kan tudun yana nan a ɗakina: ya ba ni baya, ya kare rana da tafin hannu, ruwa ya cika maƙil a gabansa. Duk wanda ya shigo sai ya ce hoton ya yi kyau. Ni kaɗai na san abin da yake nema.