Na Sauka, Kawu

Allah ne Ya ba mu shi, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa. Ranar Lahadi, ashirin da ɗaya ga watan Yuli, da ƙarfe tara da minti goma na safe, Allah Ya yi wa Kawuna, ƙanin mahaifiyata, rasuwa a asibiti, a ƙasar da na je karatu. Shekarunsa sittin da ɗaya, ashirin da uku daga ciki ya yi su yana tuƙa bas a can. Ya bar 'ya'ya mata biyu da jikoki huɗu, dukkansu suna gida.

Tun da na dawo, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya sa mini albarka, wai ni ce na tsaya a kansa. Gaskiya ne, na yi kwana huɗu a bakin gadonsa. Amma kafin kwana huɗun nan akwai awa arba'in da biyar da ban ba kowa labarinsu ba, har Umma. A nan zan faɗe su, domin 'ya'yansa sun cancanci su ji yadda abin ya faru ba tare da ragi ba.

Kawu, kai ne ka tarbe ni a filin jirgi shekara huɗu da suka wuce, riƙe da rigar sanyi da ta kusa share mini ƙasa. Ka dube ni a ciki ka ce, "Ba komai, za ki girma." A lokacin shekaruna ashirin. Ban ƙara tsawo ba, amma rigar ita ce ta fitar da ni sanyi huɗu. Kai ne ka koya mini karanta jadawalin jirgin ƙasa, da ka ga ina duba lokaci sau uku kafin in yarda sai ka raɗa mini Agogo, sunan da ya bi ni har makaranta.

Tsakanin jami'armu da garinka awa biyu ne a jirgin ƙasa. Duk hutu wurinka nake fara zuwa: hawa na uku, ƙofa ta biyu a hagu, ɗan kicin mai tebur ɗaya da kujeru biyu. Kujera ta biyun saboda ni ka saye ta, domin tun rasuwar matarka kai kaɗai kake cin abinci. Ka ba ni makullin gidan a ɗaure da shuɗin zare, ka ce ko ba ka nan gidana ne.

A ƙofar firjinka akwai taswirar ƙasar, da wata 'yar bas ta maganaɗisu mai launin rawaya. Da na fara yawon buɗe ido da 'yan ajinmu sai ka kafa mini doka ɗaya: duk garin da na sa ƙafa in turo maka saƙo, "Na sauka." Kai kuma sai ka matsar da 'yar bas ɗin zuwa garin a kan taswira, ka amsa mini, "Madalla. Ƙirga jakunkunanki." Wannan tsokana ce, saboda a tafiyata ta farko na manta jaka ɗaya a jirgi, kai ka kwashe rabin ranar hutunka a ofishin kayan tsintuwa har aka samo ta. Ni kuma amsata kullum ita ce, "Biyu ne cif."

Da haka na ga tsohuwar fadar nan ta kan dutse, da doguwar gadar da jirgi ke ratsawa minti shida, da bakin tekun da iska ta ƙwace mini lema. In na zo da hotunan sai ka sa tabarau, ka dube su ɗaya bayan ɗaya kana tambayar abin da ke bayan kowane gini. Kai ba ka taɓa zuwa ko ɗaya ba. Hanyarka ɗaya ce, tasha talatin da ɗaya, tafiya da dawowa. Ka taɓa ce mini, "Ni ta tagar bas na san ƙasar nan, Agogo. Sauran ke za ki gano mini."

Kana da lambar ƙawayena uku, da ta mai kula da ɗakin kwananmu, har da ta malamin da ya duba aikina na ƙarshe. Ni ba ni da lambar maƙwabcinka ko ɗaya. Ban lura da wannan ba sai ranar da na buƙace ta. Mun tsara komai don a san inda nake, ba mu tsara komai don a san halin da kake ciki ba.

Akwai kuma abin da ya faru a shekarata ta farko. Na turo saƙo, awa uku ba amsa, hankalina ya tashi, na buga wa garejinku waya ina kuka. Aka kira ka ta rediyon bas, fasinjoji cike da mota, aka ce 'yarka na cigiyarka. Wata guda abokan aikinka suka yi suna tambayarka ko ka nemi izini kafin ka fito. Ka yi dariya, amma ka ce mini, "Kada ki sake tara mini jama'a. In ban amsa ba, ina kan sitiyari ne." Na riƙe maganar nan fiye da yadda ya kamata.

Bana, bayan na kammala, muka shirya zan yi mako guda a wurinka kafin in koma gida. Ka ɗauki hutun aikinka daidai wannan makon, daga Litinin sha biyar ga Yuli. Ana saura kwana biyar sai 'yan ajinmu suka shirya tafiyar ban kwana zuwa yankin tabkuna, wurin da ya rage mini ban gani ba. Na roƙe ka mu ɗaga zuwana da kwana huɗu. Ka ce hutun ba ya canzuwa, amma in je, ka samu damar gyara famfon kicin. Saboda haka a wannan makon babu mai jiran ka a gareji, babu mai jiran ka a ko'ina. Ni kaɗai na san kana gida.

Ranar Litinin da ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na sauka a gari na farko. Na turo saƙo, ka amsa cikin minti biyu. Da ƙarfe biyar da minti biyar na yamma muka isa gari na biyu. Na turo. Shiru. Na ce ko kana ƙarƙashin famfo ne.

Talata da safe saƙon yana nan ba a buɗe ba. Na kira sau biyu, wayar ta yi ta ringi har ta katse. Muka shiga kwalekwale, ruwan ya yi luf, kowa na ɗaukar hoto, ni kuwa idona na kan waya. Ƙawata ta ce, "Haba Agogo, mutum na hutu ma sai kin sa masa rajista? Caji ne ya ƙare masa." Na san wayar da cajinta ya ƙare ba ta ringi. Na sani, amma na yi shiru, don ina jin kunyar in sake tara maka jama'a. Da la'asar na daure na kira gareji, aka ce ai kana hutu. Akwai jirgin da zai iya kawo ni a yammacin, na ƙarfe huɗu da rabi. Na duba shi a jadawali har sau uku. Ban hau ba.

Laraba na hau jirgin farko. Na iso ƙofarka ƙarfe biyu da minti goma na rana. Takardun talla na kwana biyu suna maƙale a jikin ƙofar, kai da ba ka barin ko ɗaya ta wuni. Na buga, na yi sallama, sannan na sa makullin. Rediyo na ta magana shi kaɗai. Na same ka kwance a kicin, tsakanin tebur da firji, ɓarin jikinka na dama ya shanye, idonka a buɗe. Wayar tana kan tebur, inda hannunka ba zai kai ba. 'Yar bas ɗin tana kan gari na farko.

Na tambayi likita, ba sau ɗaya ba, ko da an kawo ka ranar Litinin da ka tashi. Ta ce ba za ta iya cewa e ba, ba za ta iya cewa a'a ba. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Amma na san kuma akwai jirgin ƙarfe huɗu da rabi.

Ba ka sake magana ba. Ranar Juma'a da hantsi ka farka sosai, ka tsura mini ido. Sai na ce, "Kawu, na sauka." Ka daɗe kana kallona. Sannan a hankali ka ɗaga yatsu biyu na hannun hagu, girarka ta ɗan motsa kamar mai tambaya. Na ce, "Biyu ne cif." Ka lumshe ido. Wannan ce hirarmu ta ƙarshe.

Yaya Babba, Auta, wannan shi ne abin da ya faru da mahaifinku. Umma, wannan shi ne abin da na kasa faɗa miki ranar da kika rungume ni a ƙofar gida. Ba na neman ku ce ba komai. Ina roƙon ku yafe mini in kun iya, in kuma sai an ɗauki lokaci, zan jira. Ina yi muku ta'aziyya, ku da jikokinsa, da abokan aikinsa da suka zo jana'iza cikin kayan aiki, suka tsaya sahu guda.

Ya Allah Ka jiƙan bawan nan naKa, Ka gafarta masa, Ka sanya awannin da ya yi kwance shi kaɗai su zama kankarar zunubi. Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da matarsa a Aljanna, Ka ba mu haƙurin rashinsa, Ka kyautata namu ƙarshen.

Kawu, 'yar bas ɗin tana wurina, na cire ta ranar da na mayar wa masu gidan makulli. Jirginmu ya taɓa ƙasa ranar Alhamis da ƙarfe uku da kwata na rana. Kafin in tuna, na riga na ciro waya na rubuta. Na sauka, Kawu. Allah Ya sa kai ma ka sauka lafiya.