Madam Rahina, Mai Kife Waya

Ƙarfe bakwai na safe Madam Rahina take shiga takisi daga Kirkissoye, kuma kafin a haye gada ta riga ta fara aiki. Akwai wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi a jakarta, wadda ko kyauta aka ba ɗalibin yau sai ya yi tsaki. Da ita take gwada kowane darasi kafin a saka shi a intanet. In ya buɗe a unguwarsu, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke zuwa yana tafiya yadda ya ga dama, to zai buɗe wa ɗan talaka ko'ina. In ta isa ofis kuma sai ta kunna darasin, ta kife wayar a kan tebur, ta saurara har ƙarshe ba ta kalla ba.

Shekara ashirin da shida ta yi a sashen koyarwa daga nesa na wata jami'a a nan Yamai. Ba ta taɓa tsayawa gaban aji ba, sunanta ba ya kan kowane darasi. Ita ce dai mai ɗaukar malamai a bidiyo, mai gyarawa, mai rage nauyin hoto don ya sauka a ƙaramar waya. Kife wayar kuwa tana da asali, kuma asalin kuskurenta ne, ita ma ba ta ɓoyewa.

A shekarar da korona ta rufe makarantu, karatu ya koma waya gaba ɗaya. Wata safiya wata ɗaliba makauniya mai suna Balki ta shigo ofis da sandarta. Ta faɗi jarrabawa a shekarar da ta gabata, kuma bisa dokar sashensu, in ta sake faɗuwa an sallame ta ke nan. Saura mata sati biyar.

"Tanti, ku ne kuke shirya darasin Dakta Moussa na labarin ƙasa?"

"Ni ce, ƴata," in ji Madam Rahina, har da ɗan jin kai, don ta sha wahala a kan hoton nan.

"Na saurare shi sau huɗu. Yana cewa wannan kogi ya taso daga nan, ya haɗu da wancan a can. Tanti, don Allah ina ne nan? A aji ina taɓa ta kusa da ni ta raɗa mini. Yanzu ni kaɗai ce a ɗaki."

Madam Rahina ta rufe ido ta kunna darasin. Minti arba'in, ba ta tsinci sunan kogi uku ba. Ta ce kunyar da ta ji ranar ba ta taɓa jin irinta ba.

Dakta Moussa babban malami ne, ba wanda ake ce wa ya sake aiki ba ne. Ba ta yi masa wa'azi ba. Ta ajiye masa takarda da biro, ta kunna muryarsa, ta kife wayar.

"Dakta, ku zana mini abin da malamin nan yake faɗa."

Ya riƙe biro, ya kasa zana komai, sannan ya ajiye ya tambaya:

"Darasi nawa ne?"

"Sha biyu."

"To, gobe da safe."

Waɗanda suka ga aikin har yau suna ba da labari. Takan zauna ta juya masa baya, shi da taswirarsa. Da ya ce "nan" ko "wancan", sai ta ƙwanƙwasa tebur, ya haɗiye fushinsa ya gyara: Sirba ta taso daga Burkina, ta shiga kogin Kwara ta gaɓar dama, sama da Yamai. Ranar farko ta ƙwanƙwasa har yatsunta suka yi ja. Cikin kwana tara suka gama, Balki ta ci jarrabawarta. Masu ido ma suka ce yanzu ne suke gane darasin, domin yawancinsu a kan hanya suke saurare, waya tana aljihu.

A watan jiya aka yi wa Madam Rahina walimar ajiye aiki. Balki ta zo, yanzu malama ce. Shugaban sashe yana haska hotuna a bango, ya ce, "Kamar yadda kuke gani a nan..." Sai aka ji ƙwanƙwasa a tebur. Dakta Moussa ne. Aka yi dariya, shugaba ya nemi afuwa ya gyara: "Hoton ranar sakamako ne. Balki tana tsaye gaban allo tana dariya. Madam Rahina tana bayanta, ta rufe baki da gyale, hawaye yana zuba."

Balki ta juyo wajen da take jin numfashin Madam Rahina.

"Tanti, shekara biyar, ba wanda ya gaya mini kun yi kuka."

Madam Rahina, ke ce kika ji tambayar yarinya ɗaya kika ɗauke ta da nauyin da ta cancanta. Ke ce kika ga laifinki ba ki ɗora wa rezo ko malami ba. Kunnen marasa gani, mun gode. Allah Ya saka miki, Ya ba ki hutu mai albarka da lafiya.

Ku kuma da kuka gaji kujerarta, ta bar muku tsohuwar wayar a aljihun tebur. Kafin ku tura darasi, ku kife ta ku saurara. Akwai wata Balki a wani ɗaki, ita kaɗai, tana jira a gaya mata ina ne nan.